Yadda Mai Ƙaramar Sana'a a Damagaram Zai Nemi Tallafin Gwamnati, Mataki Bayan Mataki

Duk lokacin da aka sanar a rediyo cewa wani shiri zai tallafa wa matasa da mata masu sana'a a jihar Damagaram, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Ana saura kwana biyu a rufe karɓar takardu sai shagunan buga takardu su cika maƙil: wannan yana roƙon a rubuta masa tsarin kasuwanci kafin gari ya waye, wancan yana tambayar inda ake yankar lambar haraji, wata baiwar Allah kuma ta zo da katin ɗan ƙasa wanda wa'adinsa ya ƙare tun bara. Da yawa daga cikin irin waɗannan dosiye ba su kaiwa gaban kwamitin da zai auna ingancin sana'ar, domin tun a teburin farko, inda ake duba ko takardu sun cika, ake ajiye su gefe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na daɗe ina taya ƴan'uwa da maƙwabta haɗa irin waɗannan takardu, kuma abin da na gani shi ne rabo yakan faɗa wa wanda ya shirya takardunsa da lissafinsa tun sanarwa ba ta fito ba. Saboda haka mafi yawan matakan da ke ƙasa aikin yau ne, tun babu wata sanarwa a ƙasa.

Mataki na farko: a san irin kuɗin da ake nema

Kalmar tallafi ta lulluɓe abubuwa da dama, kuma rashin bambance su shi ne mafarin ɓacin rai daga baya. Akwai tallafi zalla wanda ba a mayarwa, kamar kyautar gasa ko ɗan jarin da ake ba wanda ya kammala horo, amma irinsa kaɗan ne kuma adadinsa bai cika yawa ba. Akwai tallafin kayan aiki, inda ake miƙa wa mutum keken ɗinki ko injin walda maimakon kuɗi. Akwai garanti, inda wani asusu yake tsaya wa mai sana'a a gaban banki, amma bashin yana nan a wuyansa har sai ya biya. Sannan akwai tallafin da aka ɗaure da bashi, wanda shi ne ya fi shafar mai noma, mai kiwo da mai sarrafa amfanin gona.

Misalin wannan na ƙarshe shi ne asusun FISAN, wanda gwamnatin Nijar ta kafa a 2017 a ƙarƙashin shirin 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Asusun yana da tagogi uku. Ta farko ta shafi bashin noma, ta biyu ta shafi manyan ayyukan jama'a da ƙananan hukumomi suke yi ta hannun ANFICT, hukumar da ke samar musu da kuɗin aiki, ta uku kuma ta shafi aikin malaman gona. Mai sana'a ɗaya ko ƙungiya ta taga ta farko suke shiga, kuma rabon da aka fi sani a can shi ne mai nema ya kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, a ba shi kashi 40 tallafi, sauran kashi 50 kuma ya karɓa bashi daga banki ko ƙaramar cibiyar ba da lamuni. Ma'anar wannan a fili take: idan banki bai amince ya ba da bashin ba, tallafin ma ba ya fitowa. Haka kuma wanda ba shi da nasa kason ba shi da ƙafar shiga, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mutane da yawa a Damagaram suna ja da baya da zarar sun ji zancen kuɗin ruwa, kuma wannan ba abin raini ba ne. Wanda yake da wannan damuwa ya tambaya tun farko ko shirin yana aiki da wata cibiya mai tsarin Musulunci, irin su Bankin Musulunci na Nijar, inda akan yi murabaha, wato banki ya sayi injin ya sayar wa mai sana'a da riba sananniya, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wanda kuma zai karɓi bashi na yau da kullum ya sani cewa a 2014 ne aka fara aiki da iyakar kuɗin ruwa da hukumomin kuɗi na ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka ƙayyade a kan kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin lamuni. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu tana iya cinye ribar ƙaramar sana'a, don haka a tambayi jimillar abin da za a biya, har da kuɗin buɗe dosiye da na inshora, kafin a sa hannu.

Mataki na biyu: a san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Babu ofishi guda da ke riƙe da dukan tallafi. Mai noma da mai kiwo su fara da Majalisar Manoma ta Jiha, wadda take cikin RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, domin a can akan ji labarin tagogin da suke buɗe, kuma RECA tana wallafa takardun lissafin amfanin gona iri-iri waɗanda suke sauƙaƙa wa mutum rubuta nasa. Bankin noma na BAGRI yana cikin bankunan da suka saba da irin wannan bashi. Mai sana'ar hannu da mai neman horo su leƙa FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, matashi mai neman kafa kansa kuma ya yi rajista a hukumar samar da aikin yi ta ANPE, wadda ta gudanar da shirin samar wa matasa aiki na PEJIP da kuɗin Bankin Duniya. Ƙananan kamfanoni masu rajista suna da asusun FONAP, da kuma ofishin Majalisar Kasuwanci da Masana'antu. Bayan waɗannan akwai manyan shirye-shirye masu wa'adi, waɗanda muke kira furoje, kamar shirin raya noman iyali na ProDAF da ya fara a 2015 da kuɗin FIDA, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram. Irin waɗannan suna zuwa su tafi, kuma kowanne yana da gundumomin da ya zaɓa, ta yadda mutumin Mirya zai iya cancanta alhali na Gure bai cancanta ba.

Wajibi ne a yi la'akari da sauyin da aka samu tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Wasu masu ba da kuɗi na waje sun dakatar da ayyukansu, wasu sun dawo daga baya, kuma a watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi aka naɗa kantomomi. Saboda haka tsohuwar takardar sanarwa da wani ya turo ta WhatsApp ba hujja ba ce. A taka da ƙafa a je ofishin, a tambayi abu huɗu: ko tagar tana buɗe, wa ya cancanta, nawa ne kason mai nema, kuma yaushe ake rufewa. A riƙa sauraron gidajen rediyon gari, a duba allon sanarwa na ofishin gwamna da na magajin gari, sannan a riƙa leƙa jaridar Le Sahel, inda hukumomi suke buga sanarwoyinsu.

Mataki na uku: takardun kai

Wannan mataki yana da sauƙin faɗi, amma ya kayar da mutane fiye da kima. Ana bukatar katin ɗan ƙasa mai rai, takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar shaidar mazauni, hotuna, da kuma kaziye, wato takardar kotu mai nuna mutum ba shi da tabon laifi, wadda galibi ba a karɓa idan ta wuce wata uku. Kwafin da za a miƙa sai an buga masa hatimin tabbatarwa da tambur.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne suna ya zama iri ɗaya harafi da harafi a kowace takarda. Na taɓa zama da wani matashi mai walda a Zango wanda aikinsa ba shi da makusa, ƙofofin da yake ƙerawa har daga ƙauyuka ake zuwa saye. Da muka baje takardunsa a kan tabarma sai muka ga an rubuta sunansa iri uku: guda a takardar haihuwa, wani a katin ɗan ƙasa, wani kuma a shaidar horon da ya yi, inda aka sa laƙabin da ake kiransa da shi a gida. Gyaran ya bi ta kotu, kuma kafin ya kammala an rufe karɓa. Wanda yake da irin wannan matsala, ko wanda shekarar haihuwarsa ta sha bamban tsakanin takarda da takarda, ya fara gyara yanzu, musamman tunda yawancin shirye-shiryen matasa suna da iyakar shekaru.

Mataki na huɗu: ba sana'a suna a hukumance

Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na OHADA, kuma waɗannan dokoki ne suka tsara irin rigar da sana'a za ta iya sawa. Mai aiki shi kaɗai yana iya yin rajista da sunansa a kundin ƴan kasuwa na RCCM, wanda ake riƙewa a kotu, ya kuma karɓi lambar haraji ta NIF daga hukumar haraji. Maison de l'Entreprise, wadda take ƙarƙashin Majalisar Kasuwanci, an kafa ta ne domin a haɗa waɗannan hidimomi wuri guda, har da rajistar CNSS, asusun fansho da jin daɗin ma'aikata, ga wanda zai ɗauki ma'aikata. A wannan tsari dukiyar mutum da ta sana'arsa a haɗe suke, bashin shago yana iya bin gida. Wanda yake son raba su sai ya kafa kamfani irin SARL, wanda ko mutum ɗaya yana iya kafawa, sai dai ɗawainiyar lissafinsa ta fi yawa.

Masu aiki a ƙungiyance suna da zaɓi biyu da ya kamata su fahimta sosai, ƙungiyar haɗin gwiwa ko GIE. Dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta OHADA da aka amince da ita a 2010 ta tanadi ƙaramar ƙungiya mai suna SCOOPS, wadda mutum biyar suka isa su kafa, da babba mai majalisar gudanarwa wadda take bukatar aƙalla mutum 15. Akwai kuma GIE, wato haɗakar masu sana'a don bunƙasa sana'arsu, wadda take da saurin kafawa kuma ba lallai sai da jari ba, amma ƴaƴanta suna ɗauke da bashinta gaba ɗaya, ta yadda idan ɗaya ya gudu za a iya bin sauran. A ganina ƙungiyar matan da suka daɗe suna adashe tare, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ta fi kowace dacewa ta koma SCOOPS, domin sun riga sun san mai cika alkawari a cikinsu. Ƙungiyar da aka tara ƴaƴanta cikin mako guda don a ci tallafi kuwa, takan watse ranar rabon kuɗi.

Mutane suna tsoron NIF saboda haraji, kuma gaskiya ne wanda ya yi rajista ya shiga idon hukuma, dole ya riƙa bayyana cinikinsa ko da bai yi riba ba. Amma manyan tagogi suna neman takardar shaidar cewa mutum ba shi da bashin haraji, kuma lambar tana da amfani ko tallafi bai zo ba. Duk mai fatan sayar wa wata hukuma ko babban kamfani kaya, ko da matatar man SORAZ ce da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, ba zai iya yanka takardar ciniki karɓaɓɓiya ba sai da ita.

Mataki na biyar: shaidar wurin aiki

Mai lambu ko mai garke ba zai wadatu da cewa gonar gado ce kowa ya sani ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa a matakin gari, ƙaramar hukuma da gunduma, kuma ta hannunsu ake samun takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro ko ta haya, tare da shaidar mai gari da maƙwabtan gona. Mace ko matashin da yake noma a gonar miji ko ta mahaifi ya nemi takardar aro mai wa'adin da ya zarce wa'adin bashin, domin babu mai yarda a haƙa rijiya a sa injin ban ruwa a filin da za a iya karɓewa baɗi. Mai shago a cikin gari kuma ya rubuta yarjejeniyar haya da mai gida.

Mataki na shida: littafin ciniki da asusu

Tun yau a sayi littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana, har da abin da aka ɗiba don cefanen gida da bashin da aka bayar. A buɗe asusu a banki ko cibiyar lamuni, a riƙa zuba ciniki ana cirewa ta nan, ko da jika biyar ce a mako. Littafin wata shida mai maiƙo a gefensa ya fi dogon jawabi tasiri a gaban jami'in bashi, kuma a cikin asusun ne za a tara kason mai nema, wanda shigarsa sannu a hankali ta fi gamsarwa a kan ya faɗo dunƙule ana gobe miƙa takardu.

Mataki na bakwai: rubuta tsarin kasuwanci

A nan ne aikin yake. Tsarin kasuwanci amsa ce ga tambayoyin da duk mai hankali zai yi kafin ya ba da kuɗinsa: me ake sayarwa, wa yake saye, nawa ake kashewa, nawa ake samu, me kuɗin zai ƙara, kuma me zai faru idan abu ya ɓaci. Ana rubuta shi da Faransanci a kan fom ɗin da shirin ya bayar, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi wanda zai rubuta masa. Laifin shi ne ya karɓi abin da bai san cikinsa ba. Wasu marubuta suna da tsari guda a kwamfuta, suna sauya suna kawai, har kwamiti ya ga dosiye goma masu lissafi iri ɗaya. Mai sana'a ya zauna da marubucin ya ba shi alƙaluma daga littafinsa, sannan a karanta masa a fassara masa layi-layi.

Wajen bayanin kasuwa a guji faɗin cewa kowa yana bukatar kayan. A ambaci masu saye na zahiri: mata nawa masu tuya suke karɓar mai kowane mako, shaguna nawa a kasuwar Dole suke ɗauka, nawa ake sayarwa ranar Alhamis idan kasuwa ta ci. Idan akwai mai saye da zai rubuta takardar alkawarin ɗaukar kaya, a haɗa da ita.

Ga misali na lissafi, kuma alƙaluman na kwatance ne kawai. A ɗauka wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tana son aikin sefa miliyan 2: injin matsa da na niƙa 1,200,000, rumfa da jan wuta 300,000, kuɗin sayen gyaɗa 500,000. A rabon da aka ambata a sama, su za su kawo 200,000, tallafi 800,000, bashi miliyan 1. Idan kuɗin ruwa kashi 12 ne a shekara, wa'adi kuma shekara biyu, biyan kowane wata zai kai kusan sefa 47,000. Tambayar da za su yi wa kansu ita ce ko ribar wata, bayan an cire kuɗin wuta, ruwa, gyaran inji da ladan masu aiki, ta haura wannan adadi a watan da ya fi kowanne tsanani. Gyaɗa tana araha da kaka, tana tsada da bazara zuwa damina, saboda haka wanda ya ɗauki ribar watan kaka ya ninka sau 12 ya yaudari kansa, kuma jami'in banki zai gane. A jera watanni 12 ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farashinsa. Idan lissafi ya nuna watannin farko ba za su ɗauki biya ba, a nemi a jinkirta fara biya, a kuma nemi jadawalin ya bi lokacin ciniki.

Kurakurai uku suna yawan maimaituwa a wannan lissafi. Na farko shi ne ruɗanin dala da sefa: a baki muna cewa dala dubu, a takarda kuwa sefa 5,000 ce, kuma na ga dosiyen da farashin kaya ya ragu ninki biyar saboda marubuci ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Na biyu shi ne kayan da ake sayowa daga Kano da naira, musamman ga mutanen Magarya, Dungas da Matamai. Canji yana motsi, ga kuɗin mota da na duwan, don haka a sa farashin kaya a ƙofar shago, a kuma bar ɗan rara. Na uku shi ne mantawa da ruwa da wuta. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san yadda jarkar ruwa take tsada, ya kuma san ɗaukewar wuta, kuma sana'ar da ta dogara da su dole ta nuna tanadin tanki, janareta ko faifan hasken rana. Kowane inji da aka ambata a haɗa shi da takardar farashi daga ɗan kasuwa mai NIF, kuma shirye-shirye da yawa suna neman guda uku daga shaguna dabam-dabam. Haka nan kada a zuba kuɗin duka a inji a manta da jarin juyawa, domin injin da babu gyaɗar da zai matsa ƙarfe ne kawai a rumfa.

Fom da yawa suna da gurbin tambaya a kan abin da yake sabo a aikin, kuma mutane sukan ɗauka sai mai manhajar waya ne yake da amsa. Ƙirƙira takan kasance gyaran abin da aka gada. Mai alkaki da ta samo marufin da zai kai kayanta Yamai ba su farfashe ba, mai kilishi da ya koma shanya a cikin raga mai hana ƙuda da ƙura, dukawan da suka sauya fatar majema zuwa jakar kwamfuta, mai sarrafa raken ƙoramar Matamai ko dabinon Gidimuni, duk suna da abin rubutawa a wannan gurbi, muddin sun nuna abin da sauyin ya rage na asara ko ya ƙara na farashi. Mai kayan ci ya ambaci shirinsa na neman shaidar inganci daga ANMC, hukumar tabbatar da ingancin kaya ta ƙasa. Masu fasahar zamani kuwa su bibiyi cibiyar renon kamfanoni ta CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014, da gasar e-Takara ta ANSI, hukumar raya fasahar sadarwa ta ƙasa, su kuma nemi malaman Jami'ar André Salifou su duba musu aikin. Su ma abin da ake nema a wurinsu shi ne samfurin da yake aiki da mutanen da suka riga suka gwada shi.

A ƙarshen tsarin a faɗi ayyukan yi da za a samar ba tare da ƙari ba, a nuna yadda aikin ya dace da tsarin raya ƙaramar hukumar da ake ciki, a kuma bayyana yadda za a yi da datti, hayaƙi ko maganin ƙwari, tunda shirye-shirye masu kuɗin Bankin Duniya suna tantance wannan.

Mataki na takwas: miƙawa

A jera takardu yadda sanarwa ta jera su, a yi kwafin komai a ajiye a gida, a miƙa ana saura kwanaki, a kuma karɓi takardar shaidar miƙawa mai lamba da kwanan wata. Idan ta intanet ne, kada a jira daren ƙarshe. Duk saƙon da ya ce mutum ya ci tallafin da bai nema ba, ko ya tura kuɗi zuwa lambar wani don a saka sunansa, damfara ce. Kuɗin da doka ta sa a biya ana biyansa a ofishi ne a karɓi resi. Dillalin da ya ce ya san ɗan kwamiti shi ma a rabu da shi, domin ko ya cika alkawari ya riƙe wuyan mai sana'a ke nan.

Mataki na tara: ganawa da kwamiti da ziyarar gani da ido

Wanda ya tsallake tantancewa akan kira shi ya kare aikinsa cikin ƴan mintoci. Ya nemi izinin yin magana da Hausa idan ita ce ya fi sakewa da ita, ya zo da samfurin kayansa da littafinsa, ya kuma haddace alƙaluma huɗu: jimillar aikin, kasonsa, cinikin wata da biyan wata. Bayan haka jami'ai sukan zo wurin aiki. Wata tela da na sani ta aro kekuna biyu daga maƙwabta don shagonta ya cika ido. Jami'in ya gaishe ta, "Hajiya, sannu da aiki," ya shafa kan keken guda ya ga babu zare, babu ko ƙyalle a ƙasansa, sannan ya tambayi yarinyar da ke zaune a kai tun yaushe take ɗinki a nan. Yarinyar ta ce tun safe. Da ta tsaya a kan kekenta guda da tulin ɗinkin sallah da ke rataye a bango, da hujjarta ta neman ƙari ta fi ƙarfi, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Mataki na goma: bayan an ci, ko an faɗi

A karanta yarjejeniya kafin a sa hannu, a san abin da ya halatta a saya da abin da zai sa a nemi a mayar da kuɗi. Sau da yawa kuɗin inji ba ya ratsa hannun mai sana'a, kai tsaye ake biyan ɗan kasuwa, sauran kuma yana fitowa kashi-kashi, ba a sakin na biyu sai an ga resin na farko. A duba injin a gwada shi kafin a sa hannu a takardar karɓa. Idan farashi ya tashi ko ana son sauya wani kaya, a rubuta a nemi izini tukuna. Jarrabawa mafi wuya daga gida take zuwa, domin da zarar labari ya bazu za a taso da biki, rashin lafiya da rance, kuma hanya mafi sauƙi ita ce kuɗin su zauna a asusu mai sa hannun mutum biyu, a kuma sanar da iyali tun farko cewa rabinsu bashi ne. Wanda ya ga biya zai gagara ya je banki kafin ranar ta zo, domin bankuna suna musayar bayanan masu bashi, kuma sunan da ya ɓaci a wuri guda yakan rufe sauran ƙofofi.

Wanda bai samu ba ya koma ofishin cikin ladabi ya tambayi inda dosiyensa ya gaza, ko a takardu ne, ko a lissafi, ko kuwa gundumarsa ce ba ta cikin shirin. Ya rubuta amsar a bayan littafinsa, ya gyara wurin, ya ci gaba da zuba ciniki a asusu. Idan wata sanarwa ta fito, abin da zai sabunta bai wuce kaziye, takardun farashi da shaidar haraji ba, kuma waɗannan aikin ƴan kwanaki ne.